Lallen Hajjo da Ruwan Azurfa

Ranar Litinin da safe na tarar da ƙofar lab ɗinmu, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, a kulle yadda na bar ta, amma tagar baya a wangale, an zare gilasanta uku an jingine a bango. Biuret takwas, dogayen bututan gilashin nan da yara ke auna asid da su, babu ko ɗaya. Kwalbar silba naitiret kuwa, wanda nake ce wa yara ruwan azurfa, tana nan kan tebur an juye ta tas. Ranar Alhamis ɗalibaina arba'in da ɗaya za su zauna jarrabawar gwaji ta fita sakandare.

Ni ce Afiniki, malamar kemistiri a sakandaren al'ummarmu, can bayan Kafanchan a hanyar Kagoma. Shekara biyu na yi ina roƙo kafin a saya mini biuret ɗin nan.

Kafin in gama cewa "Yesu!" baranda ta cika. Mutanen da ba su taɓa leƙa lab ba tunda aka gina shi, ranar duk suka zama masana. Shugaban makaranta, Mista Asher, ya iso yana haki. Shi a wurinsa abin da nake koyarwa da abin da ake sayarwa a shagon magani duk ɗaya ne. Bayansa ga mataimakinsa, Mista Gregory, wanda ya koyar da kemistiri shekara goma sha takwas kafin zuwana, daga littafin rubutu guda ɗaya da ya yi baƙi don tsufa. A zamaninsa buhunan citta ake tarawa a lab.

"Jiya aka yi wannan," in ji Mista Gregory. "Lokacin sujada. To su wa ne ba su zuwa majami'a ranar Lahadi?"

Kawuna suka juya wajen rugar Fulani da ke bayan filin ƙwallo. Wani ya ce ai ga sawun shanu ma a bayan lab.

Nan ne ni kuma, don in nuna musu ni ce mai ilimin, na buɗe baki na yi ɓarnar da ta fi ta ɓarawon.

"Ba sai an sha wahala ba," na ce. "Ruwan nan fari ne kamar na sha. Amma duk wanda ya taɓa shi, rana ta doke wurin, sai ya yi baƙi. Sabulu ba ya fitar da shi."

Ina rufe baki idona ya tafi da kansa, ya sauka kan hannun Hajjo.

Hajjo 'yar rugar ce, kuma ita ce ɗalibar da ta fi kowa a ajina, nesa ba kusa ba. Yatsunta goma sun sha lalle, sun yi baƙi wuluk. Jama'a suka bi idona suka gani.

Mista Gregory ya ɗaga tafukansa sama kamar mai karɓar albarka. "Ga nawa, kowa ya gani. Ke, kawo naki!"

"Lalle ne, Sa," in ji Hajjo. "Sunan ɗan yayata aka yi ranar Asabar."

"Lalle! Ta sa ne don ta ɓoye."

Na ce a tsaya, lalle daban, wannan daban. Mista Asher ya ce baƙi dai baƙi ne. Ya yanke hukunci a tsaye: ranar Laraba kwamitin iyaye zai zauna gaban Dagaci, in kaya ba su dawo ba a miƙa yarinyar ga hukuma. Ranar Alhamis ke nan tana tsare, shekara shida na karatunta sun tafi a banza. Hajjo ba ta yi kuka ba. Ta dube ni sau ɗaya, ta ɗauki jakarta ta tafi.

* * *

Ana tashi na hau acaɓa na tafi kasuwar dabbobi neman Babayo.

Babayo tsohon Bafulatani ne mai bin sawu. In an sace akuya ko sa daga nan har Fadan Kagoma, shi ake kira, Kirista da Musulmi. Siriri ne, ba ya son magana, kuma ba ya kallon fuskar mutum, ƙasa yake kallo.

"Baffa, yarinya za ta rasa jarrabawa."

"Ba 'yar rugarmu ba ce, ban san ta ba," ya ce. "In ita ce, zan faɗa a gaban ubanta. Kin yarda?"

Na yarda. Muka iso makaranta da la'asar. Mista Asher ya gan mu ya taɓe baki.

"Malama, Bafulatani kika kawo ya kama Bafulatana?"

"Yaya awakinka biyu da na gano maka bara, Shugaba?" in ji Babayo, bai ko ɗago ba. "Jar ta haihu?"

Mista Asher ya tuna yana da aiki a ofis.

Babayo ya zagaya bayan lab, ya yi tsaki. "Dubi yadda masu ilimi suka tattake mini wuri. Garken tumaki ya fi su tsari." Ya tsuguna kan sawun shanun, ya nuna mini da tsinke. Cikin kowane kofato akwai ƙananan ramuka. "Ruwan sama ya doke wannan. Yaushe aka yi ruwa?"

"Asabar da yamma."

"To shanu sun wuce kafin Asabar da yamma. A bar shanu su huta."

Ya matsa gindin taga, inda ƙasa ke da laushi har yanzu. Babu sawu ko ɗaya kusa da bango. Ya nuna mini yanar gizo-gizo da ta ratsa kusurwar tagar, ba abin da ya taɓa ta.

"Ko kyanwa ba ta shiga ta nan ba. Daga ciki aka zare gilasan, aka miƙo hannu aka ajiye. Mutumin ta ƙofa ya shiga, ta ƙofa ya fita, ya kulle abinsa. Makulli nawa ne?"

"Ɗaya a hannuna, ɗaya a ofishin Shugaba."

"Ofishin, wa da wa ke shiga?"

"Malamai duka."

Ya kama hannuwana ya juya su, ya ce in cire takalmi, ya duba ƙafafuna har tsakanin yatsu. Raina ya ɓaci, na ce ni fa na kira shi.

"Na sha ganin wanda ya kira ni shi ne ya sayar da san," ya ce.

* * *

Maigadinmu Baba Kumai muka fara tambaya. Ya rantse bai motsa daga bakin get ba ranar Lahadi.

"Ko minti ɗaya, Baba?" na ce.

"To, na je sujada. Mutum zai bar Ubangiji saboda kwalba?"

"Ƙarfe nawa ka dawo?"

"Fasto ya ja wa'azi sosai. Kuma bayan sujada akwai ɗan miting." Miting ɗin Baba Kumai kowa ya san gidan da ake yin sa, da irin ƙwaryar da ake yin sa da ita. "Amma yarinya ɗin ne, Malama. Kowa ya ce shi ne."

Sai Mama Hulda mai sayar da abinci a bakin makaranta, wadda tun safe take shela cewa ta ga yarinya da hijabi tana tsallake shinge. Babayo ya zauna kan bencinta, ya tambaye ta launin hijabin.

"Shuɗi. A'a, baƙi."

"Daga ina kika hango ta?"

"Daga nan mana!"

"Kina kasuwa ranar Lahadi?"

"Allah ya kiyaye! Ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, tun takwas ina majami'a har ƙarfe ɗaya."

"To da wane idon kika gan ta?"

Mama Hulda ta gyara ɗaurin zani. Ta ce ita dai ba ta gani da idonta ba, amma wadda ta gaya mata ba ta ƙarya. Wadda ta gaya matan kuma daga bakin Baba Kumai ta ji. Shaidar da za a kashe rayuwar yarinya da ita ke nan, kuma rabin gari sun riga sun haddace ta kamar ayar Lahadi.

Muna komawa ta baranda Babayo ya tsaya cak. A kan siminti, daga bakin ƙofar lab, akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya lashi yatsa ya goga. Ba su fita ba.

"Na ɗauka baƙin mai ne, amma mai yana da sheƙi. Malama, ruwan nan naki, dutse ma yana baƙantawa?"

Na dubi ƙarƙashin ƙafata. Tun safe nake tattaka su.

"Yana yi, Baffa. In rana ta same shi."

"To ɓarawonki ya juye shi a abin da ke yoyo. Gobe da sassafe."

* * *

Ranar Talata muka bi ɗigon. Bai nufi ruga ba ko kaɗan. Ya bi baranda, ya sauka matakala, ya ratsa tsakuwar gaban ofis, ya je gindin mangwaron da malamai ke ajiye babura. Nan ya taru wuri ɗaya ya yi tabo kamar tafin hannu. Daga nan sai ɗaya-ɗaya, da tazara mai nisa, har bakin kwalta, hanyar cikin Kafanchan.

"Ya tsaya nan yana ɗaure kaya," in ji Babayo. "Bai yi sauri ba. Mutumin da ke tsoron a gan shi ba ya ajiye babur a inuwa."

"Malamai tara ne ke da babur, Baffa."

Babayo ya juya. Ya koma barandar lab, gefen da ƙasa take, inda jama'a suka yi cincirindo jiya. Ya daɗe yana rarrafe a wurin kamar mai neman allura. Sa'an nan ya je bakin get ya shimfiɗa buzunsa ya zauna. Wuni guda yana nan, yana kallon ƙafafun masu shiga da fita. Malamai na wucewa suna dariya. Mista Gregory har ya tsaya ya ce masa ko a kawo masa gilashin ƙara girma daga lab, in ɓarayin danginsa sun bar shi.

Babayo ya kalli takalmansa, rufaffu masu sheƙi, da safa har ƙwauri a wannan zafin.

"Takalmi mai kyau, Malam," ya ce.

Da yamma na tambaye shi ko ya samu wani abu. Ya ce in gaya wa Dagaci a yi zaman gobe a waje, kuma a tanadi tsintsiya da bokitin ruwa. Iyakar abin da ya ce ke nan. Na koma gida ban iya cin abinci ba, don har lokacin ba mu da komai sai ɗigo.

* * *

Laraba da hantsi aka taru a gindin mangwaro. Dagaci a kan kujera, 'yan kwamiti a benci, malamai a tsaye, 'yan banga biyu a gefe suna jiran a ba su yarinya. Hajjo na zaune a ƙasa kusa da mahaifinta, ta ɓoye hannuwanta cikin hijabi.

Mista Asher ya karanta jawabi mai shafi biyu a kan tarbiyya. Mista Gregory ya ɗora da nasa, ya ce shi da ya yi shekara goma sha takwas yana koyar da wannan fanni ya san tabon silba naitiret in ya gan shi, kuma shi ne a hannun yarinyar nan. 'Yan kwamiti suka gyaɗa kai. Da zai ce musu ruwan rijiya asid ne, haka za su gyaɗa.

Dagaci ya ce a bar Babayo ya yi magana.

Babayo ya sa aka share wuri, aka yayyafa ruwa. "Ranka ya daɗe, aikina da ƙafa nake yi. Duk mai shiga ofishin Shugaba ya cire takalmi ya taka nan. Yarinyar ma ta taka."

Aka fara gunaguni. Mista Gregory ya ce wannan wulaƙanci ne, ba za a sa masu digiri su yi tafiya ba takalmi gaban makiyayi ba, hannu aka ce a duba, kuma an duba.

Dagaci ya miƙe. Ya sunkuya ya zare takalmansa, ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasar ya wuce, ya dawo ya zauna. A garinmu in Dagaci ya tsaya ba takalmi, babu mai tsayawa da nasa. Mista Asher ya cire. Na cire. Hajjo ta taka ta wuce, tafin ƙafarta da jan lalle, ba ɗigo ko ɗaya. Malamai suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Saura Mista Gregory. Ya cire takalman, ya taho da safa.

"Har safar," in ji Dagaci.

"Ranka ya daɗe, ina da ciwon ƙafa."

"Za mu yi maka addu'a. Cire."

Ya cire ta hagu. Ya daɗe kafin ya cire ta dama. Babban yatsan da na kusa da shi, farce da fata, sun yi baƙi ƙirin, kuma wani layi baƙi ya gangara gefen ƙafar daidai inda igiyar sandal ke bi. Ya dirje wurin har ya yi jini-jini, baƙin na nan.

Mama Hulda ce ta fara cewa ita dama tun farko jikinta ya ba ta.

"Ranka ya daɗe," in ji Babayo, "mutumin nan yana jefa ƙafar hagu waje in yana tafiya. Ranar Litinin da safe ya tsaya gaban lab da sandal. Bayan Malama ta yi maganar baƙi, sai ga ƙafar nan dai ta dawo da rufaffen takalmi, ta taka kan sawun safe. Mutum ɗaya, wuni ɗaya, takalmi biyu. Su suna duba hannu, ni ina duba ƙasa."

"Ƙarya ne!" in ji Mista Gregory. "Na sa safar hannu, ta yaya..."

Ya kama bakinsa, amma ya makara.

Sauran bai yi wuya ba. Ashe ya buɗe lesin, karatun kuɗi na bayan makaranta, a wani shago cikin Kafanchan, ya yi wa iyaye alkawarin yaransu za su yi gwaji da hannunsu kafin Alhamis. Ya sulale daga majami'a ana tsakar wa'azi, ya ɗauki makulli a ofis. 'Yan banga suka raka shi suka dawo da biuret bakwai, ɗaya ya fashe a hanya. Suka kawo ruwan azurfar kuma, a cikin gorar ruwan sha ta roba mai murfi a fashe. Ya yi baƙi kamar ruwan kwata, ba ya sauran amfani.

Dagaci ya ɗaga gorar. "Malam Gregory, me ya sa ya zama haka?"

Shekara goma sha takwas yana rubuta sunan abin nan a allo. Ya tsaya yana kallon gorar, baki a buɗe.

"Ke fa, yarinya?"

Hajjo ta miƙe. "Haske ne ke rusa shi, ranka ya daɗe, azurfar ta fito baƙa. Shi ya sa ake ajiye shi a kwalba mai duhu. Aji huɗu aka koya mana."

Ba wanda ya ba ta haƙuri. Mista Asher ya ce an samu ɗan kuskuren fahimta, kuma ya kamata a rufa maganar saboda sunan makaranta. 'Yan kwamiti suka gyaɗa kai. Baba Kumai ya ce shi dama bai taɓa yarda yarinya ɗin ne ba. Babayo ya naɗe buzunsa, ya ƙi shan lemon da aka miƙa masa, ya kama hanya.

* * *

Na samu aron ruwan azurfa daga wata makaranta a cikin gari, aka yi jarrabawa ranar Alhamis, rukuni-rukuni da biuret bakwai. Hajjo na rukunin farko. Na tsaya daga bakin ƙofa ina kallon baƙaƙen yatsun nan a kan famfon biuret, tana sakin asid ɗigo-ɗigo. Ruwan ya juya launi, ta rufe, ta rubuta. Ta riga kowa gamawa.

Da aka fito na tare ta a baranda. Kwana uku ina cike da raina mutanen garin nan, kuma ina jin daɗin rainin, don ni ce na je na ɗauko Babayo.

"Hajjo, kin ga yadda Allah ya kunyata su? Mutanen banza. Daga ganin lalle sai su yanke wa yarinya hukunci."

Ta gyara jakarta a kafaɗa. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Na gode da Baffa Babayo, Malama. Amma su ba su san hannuna ba, ba su taɓa koya mini komai ba." Ta dubi yatsunta. "Shekara uku kina riƙe hannun nan kina nuna mini yadda ake kama biuret. Kuma ke kika fara duba shi."

Ta sauka matakala ta bi hanyar ruga. Ni kuwa na tsaya a barandar, ɗigon baƙin na nan ƙarƙashin takalmina. Na sa an wanke simintin da omo sau uku tun daga ranar, bai fita ba.